Takardar ayyukana kullum ƙaruwa take, ta ina zan kama?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi a Tafo, ina zaune a Aboabo, duk a nan Kumasi, da maigidana da yara biyu. Bayan koyarwa ina ɗan sayar da mayafai da atamfa ta WhatsApp, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyar matan layinmu. Kowane dare nakan rubuta abubuwan da zan yi gobe. Jiya na ƙirga, sun kai 43. Sai in wuni ban zauna ba, amma da dare in na duba, biyar ko shida kawai na soke, wasu goma kuma sun shigo. Har na fara jin tsoron buɗe littafin. Wani lokaci sai in ce ko dai lalaci ne ke damuna. Don Allah yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Kafin komai, ki ajiye maganar lalacin nan gefe. Macen da ke tashi kafin kiran asuba, ta yi wa yara wanka, ta kama tirotiro zuwa Tafo, ta wuni tsaye gaban allo, ta dawo ta ɗora tukunya tana amsa saƙon masu sayen mayafi da hannu ɗaya, babu mai adalcin da zai kira ta malalaciya. In na fahimce ki da kyau, abu biyu kike tambaya: me ya sa takardar ba ta raguwa alhali ba kya zama, sannan yaya za ki yi ki riƙa kwanciya ba tare da wannan dutse a ƙirjinki ba.

Ni tela ce. Na haura shekara ashirin da buɗe shago a nan Kumasi, 'yan mata da dama sun koyi ɗinki a hannuna, wasunsu yanzu su ma suna da nasu yaran shagon. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san abin da ake nufi in an ce aiki ya yi wa mutum rubdugu. A can na koyi yawancin abin da zan faɗa miki, sauran kuma daga karance-karancen da na shiga yi bayan wani abu da ya same ni.

Azumin 2015 ne, shekarar da dumso, wato matsalar ɗauke wutar lantarki a nan Ghana, ya kai maƙura, a ba mu wuta awa 12 a ɗauke awa 24. Sallah ta faɗo a tsakiyar watan Yuli. Ina da babban littafi a kan teburin yanka. Duk wadda ta kawo yadi sai in auna ta, in rubuta, in karɓi kafin alƙalami, in ce mata in sha Allahu za ki samu. Ban taɓa zama na ƙirga shafukan ba. Kuma don hankalina ya kwanta cewa aiki na tafiya, sai na yi ta yanka: duk yadin da ya shigo in shimfiɗa, in zana da alli, in sa almakashi, in ɗaure in ajiye. Kekunan wuta suna tsaye, keken ƙafa biyu kawai ke juyawa, guga kuwa sai da na gawayi. Da safiyar Sallah, ana ta kabbara ana wucewa filin idi, wata mata ta tsaya a ƙofar shago riƙe da hannun 'yarta. Yarinyar ba za ta wuce shekara bakwai ba, an yi mata kitso, ga lalle ya kama jawur a tafinta. Kayanta suna cikin leda, yankakku, ko allura ba ta taɓa su ba. Uwar ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe ledar, ta dubi guntayen atamfar, ta ce, "Hajiya, da kin faɗa mini tun da wuri, ai da na kai wani wurin. Yanzu kin riga kin yanka." Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan sai gabana ya faɗi.

Bayan Sallah na ɗauko littafin na ƙirga. Ɗinkin da na karɓa ya kusa ninka abin da shagon zai iya fitarwa ko da wuta ba ta ƙifta sau ɗaya ba. Dumso ya ƙara wa abin gishiri, amma tun ranar da na rubuta sunayen ƙarshe aka riga aka yi asarar, kuma kwanan zaunen da muka yi da yarana bai isa ya gyara lissafin ba.

Mu auna kayan tukuna

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Kowane layi a littafinki alkawari ne, ko kin yi wa wani ko kin yi wa kanki, kuma kaya ana iya auna nauyinsa. Mu auna naki. Abu 43, mu ce kowanne zai ci minti 20, ko da yake na san wasu sai sun ci awa guda. Minti 860 ke nan, wato awa 14 da minti 20. Sai ki dubi ranarki. Daga asuba zuwa fita, na gida ne da na yara. Daga nan har wajen ƙarfe uku, na makaranta ne. Sai hanya, sai la'asar, sai girki, sai magariba da isha, sai a lallaɓa yara su kwanta. Abin da ya rage a hannunki, in an yi sa'a, awa biyu ne a tsintsince. Awa biyu abu shida take ɗauka masu minti ashirin-ashirin. Ke kuma kin ce biyar ko shida kike sokewa kullum. To kin gani, ƙanwata, ranarki cike kike cika ta har baki. Takardar da kike kira ta gobe, aikin mako guda ce cur, ko da babu abin da ya ƙaru a kanta.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce ke wannan kuskuren awo. A 1994 wani malami mai suna Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi a kan ɗaliban jami'a a Kanada. Sun tambaye su kwana nawa za su ɗauka kafin su gama rubutun kammala digiri. In an haɗa amsoshinsu, wajen kwana 34 suka ce. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce wajen 49. Da aka bi sawu, sai da suka ci kwana 55 da ɗoriya. Ko hasashensu na mafi munin hali bai kai gaskiya ba. Dalili shi ne in mutum zai yi kiyasi, hoton aikin yake gani yana tafiya sumul, ba ya tuna yadda irinsa ya kasance a baya. Ni ma in aka tambaye ni riga da zani, bakina zai ce awa uku, don ɗinkin kawai nake gani. Ba na ganin zaren da zai ƙare, da zif ɗin da za a aika a sayo, da baƙuwar da za ta shigo a gaisa. Shi ya sa yanzu na daina tambayar zuciyata, littafin bara nake tambaya.

Ta ina suke shigowa?

Ƙofa mafi girma ita ce kalmar nan 'yar ƙarama, "to". A Zango an raine mu da kunya da kara, kuma abin alfahari ne. Babba ya sa ki aiki ba kya cewa a'a. Maƙwabciya ta ce ki taya ta cike fom ɗin makarantar ɗanta tunda ke malama ce, kin ce to. Shugabar ƙungiya ta ce ki bi gida-gida ki karɓi kuɗin anko, kin ce to. Mai sayen mayafi ta ce ki kawo mata Asawase gobe, kin ce to. Kowace "to" daƙiƙa guda take ci a baki, amma awa guda take ci a ƙafa. Goman da kika ce suna shigowa kullum, in kin bincika, fiye da rabi ta nan suka biyo.

Ƙofa ta biyu, wasu layukan sunan tarin ayyuka ne aka rubuta kamar aiki ɗaya. "Bikin ƙanwata." "Rahoton ƙungiya." "Maganar haya." Babu wanda zai iya tashi ya yi "bikin ƙanwata" da hannunsa. A ciki akwai kiran mai kanofi, da zuwa kasuwar Kejetia, da tattara kuɗi, da kai ɗinki. Idonki in ya faɗa kan irin wannan layi bai ga inda zai kama ba, sai ya tsallake zuwa mai sauƙi, shi kuma ya kwana, gobe ki sake kwafe shi.

Ta uku ita ce wadda ta fi cin raina, wato yankakken yadi. Aikin da aka fara ba a gama ba ya fi wanda ba a taɓa ba nauyi. Ba kya iya mayar da shi ga mai shi, ba kya iya miƙa wa wani cikin sauƙi, kuma zuciya ba ta sakinsa. A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, lokacin tana Balin ta Jamus, ta wallafa gwajin da ta yi: ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta bar su suka gama wasu, ta katse su a tsakiyar wasu, sai ta ga waɗanda aka katse sun fi zama a ƙwaƙwalwarsu. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba kullum suke samun sakamako iri ɗaya ba, amma duk telar da ta taɓa kwanciya da ledoji goma na yankakken yadi a ƙarƙashin tebur ta san abin da matar take nufi. Abin da ya fi amfanar da ni shi ne wanda ya biyo baya. A 2011 wasu masana biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa ba lallai sai an gama aikin ba kafin ya daina yi wa mutum zarya a kai. In ya zauna ya rubuta takamaiman yaushe da yadda zai yi shi, tunanin yakan lafa. Takardarki ta dare suna kawai take rubutawa, ba ta ba kowa rana, shi ya sa duk arba'in da ukun suke biyo ki har kan filo.

Littafi daban, tebur daban

Ga yadda nake tafiyar da shago tun daga waccan shekarar, kuma shi nake ba ki shawara ki gwada. Akwai littafi, akwai tebur. Littafi yana karɓar komai, duk abin da aka yi alkawari a rubuta shi don kada ya ɓace. Tebur kuwa kaya uku kawai yake ɗauka. Ba a yanka na huɗu sai ɗaya daga cikin ukun ya sha guga an rataye shi. Yarana da farko suna ganin kamar ɓata lokaci ne, tunda almakashi na nan a ajiye, amma cikin mako biyu suka ga kaya sun fi saurin fita, kuma in wata ta zo da gaggawa ko ta fasa, yadinta na nan lafiyayye. Daga baya na karanta cewa kamfanin motoci na Toyota a Japan ya daɗe da gina aikinsa a kan irin wannan tunani, da wasu katuna da suke kira kanban: sashen baya ba ya ƙera komai sai katin sashen gaba ya zo yana nema. Mu dai a nan mun san taura biyu ba ta taunuwa.

Ke ma littafinki na 43 ki bar shi, amma ki daina kiransa na gobe. Sunansa rumbu. Sau ɗaya a mako za ki buɗe shi ki zauna da shi sosai, ni Juma'a da yamma nake yin nawa. Na gobe kuwa 'yar guntuwar takarda ce da za ta shiga tafin hannu, abu uku a kanta. In kin gama su da sauran lokaci, ki leƙa rumbu ki ɗauko ɗaya. Na ce uku alhali kina iya shida, saboda rabin ranar Zango ba a hannunmu take ba. Rasuwa ba ta sallama, kuma a ranar ake jana'iza. Sai zaman gaisuwa, sai addu'ar uku, sai ta bakwai. Yaro ya tashi da zazzaɓi. Ruwan sama ya tsayar da mota. Wadda ta cika ranarta har baki, abu ɗaya irin wannan ya isa ya zubar da ita gaba ɗaya, kuma za ta je gaisuwar da rabin hankali. Ni a goman ƙarshe ma nakan bar kwana biyu babu sunan kowa a kansu, kuma ban taɓa ganin shekarar da suka tafi a banza ba.

Wajen zaɓen ukun, za ki ci karo da wata hanya da ake jingina wa tsohon shugaban Amurka Eisenhower, ta raba aiki tsakanin mai gaggawa da mai muhimmanci. Tana da kyau, sai dai a wurinmu kowa da gaggawarsa yake zuwa, kuma mai ƙarfin murya shi ke cin layi. Tambayar da ta fi yi mini aiki ita ce: in ban yi wannan gobe ba, wa zai cutu, kuma wace irin cuta? Makin jarrabawar yaran ajinki in ya makara, aikinki ne a kan layi. Maganin hawan jinin surukarki in ya ƙare, lafiya ce. Hoton sababbin mayafai in ya kwana biyu ba a ɗora ba, babu wanda ya rasa komai.

Sannan kowanne cikin ukun ki ɗaura shi a jikin wata salla. Allah Ya yi mana wata ni'ima a ƙasar nan da ba mu cika lura da ita ba: muna kusa da tsakiyar duniya, don haka lokutan sallarmu ba sa yawo sosai. Magariba a Kumasi wajen ƙarfe shida take faɗuwa rani da damina, bambancin duk shekara bai kai awa guda ba. Ranarki a yanke take gida biyar tun kafin ki sayi agogo. Maimakon ki rubuta "rahoton ƙungiya", ki rubuta "bayan asuba, kafin in tashi yara, in rubuta sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata". Aikin da ke bukatar kai, ki ba shi bayan asuba, ko da minti 25 ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Sakhrul Gamidi cewa Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma shi Sakhru ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da farkon yini har dukiyarsa ta yawaita. Ni yanka mai wuya, irin na leshi mai tsada, ba na yinsa sai da safe kafin layi ya cika da hayaniya. Ki lura dai, sammako da barcin sha biyun dare ba sa haɗuwa. In za ki ɗauki asuba, sai kin saki dare.

Ƙananan kuwa ki tara su bisa wuri. Duk abin da sai an je Kejetia ko Adum, shafi guda, tafiya guda a mako. Duk na momo, wato tura kuɗi ta waya, zama guda. Kai kaya ga masu saye, ki tsayar da rana ɗaya, misali Asabar, ki sanar a status ɗinki, wadda ba ta iya jira ta aiko a karɓa. WhatsApp ki ba shi lokaci biyu, a cikin mota in kina dawowa da kuma bayan isha. Mai saye da gaske tana jira awa uku. Game da manhajojin waya na tsara aiki, wasu yarana suna amfani da su kuma suna jin daɗinsu, amma ni takarda na fi yarda da ita, don duk wadda ta buɗe waya da niyyar duba jerin aiki, saƙon murya goma za ta tarar suna jiranta.

Layin da ya ƙi mutuwa

Ranar Juma'ar farko da za ki zauna da rumbun, ki sa alama a kan duk abin da kika kwafe fiye da sau uku. Waɗannan su ne masu sa ki jin tsoron buɗe littafin, kuma kowanne da dalilinsa. Wani ba ki san matakin farko ba ne, sai ki farfasa shi har ki sami abin da hannu zai iya yi cikin minti goma. Wani kuma ya riga ya mutu, lokacinsa ya wuce ko ba ki ƙara sonsa ba, kunyar soke shi kawai kike ji. Ki soke shi. Niyyar koyon kwamfuta da kika rubuta tun bara ba ta gudu ba, ki ba ta shafi a bayan littafi mai suna "in Allah Ya kai mu hutu".

Amma akwai iri na uku, kuma da wuya a rasa shi a littafin mace mai sana'a: wanda kike gudu saboda akwai fuskar mutum a ciki. Bashin atamfa da wata babbar mace ta ci wata huɗu ba ta biya ba. Maganar da ya kamata ki yi da mai makaranta. Irin wannan minti biyar ne aikinsa, amma yana iya shekara a takarda, kuma nauyinsa ya fi na sauran arba'in ɗin a haɗe. Abin da nake yi shi ne in rubuta ainihin kalmomin da zan faɗa tun da dare, in sa shi na farko a cikin ukun gobe. "Hajiya, barka da kwana, ya iyali? Zan je sari ranar Asabar, na ce bari in tuna miki cikon nan ko Allah Ya hore." Iyakarta ke nan. Sau da yawa sai ki ga ita ma kunyar ce ta hana ta kira.

Komawa wurin masu alkawari

Duk wannan tsari ba ya rage kaya ko ɗaya in ba ki yi abin da na kasa yi a 2015 ba, wato faɗa da wuri. Cikin 43 ɗin nan akwai mutanen da suke zaune suna jiranki, kuma lissafi ya riga ya nuna ba za su samu a makon nan ba. Kowace rana da kika yi shiru kina ƙara toshe musu hanyar neman wani. Ki kira su. "Yaya, na karɓi aikin nan da niyyar yi, amma na duba na ga ba zan iya kafin Laraba ba. In zai jira Asabar ta sama, zan yi. In ba zai jira ba, gara in faɗa miki yanzu." Za a sami mai ɓata rai, kwana biyu ne. Ɓacin ran wadda aka yi wa shiru har ranar bukatarta, wannan shi ke daɗewa.

Sababbi kuma ki koyi wata jimla ki ajiye a bakinki a madadin "to": "Bari in duba littafina, zan faɗa miki da yamma." Ba rashin kunya a ciki, ko ga babba. Ni yanzu ina rufe karɓar ɗinkin Sallah da zarar lissafin kekuna ya cika, ko da azumi bai kai goma ba, kuma ko 'yar ɗakinmu ce ta zo sai in nuna mata shafin, in haɗa ta da ɗaya daga cikin yarana da suka buɗe shago. Na yi zaton zan rasa masu kawo ɗinki. Waɗanda suka tafi ba su kai waɗanda suka zo ba, don labari ya zaga cewa ranar da na faɗa ita ce rana.

Sai maganar gida, wadda ba zan tsallake ba. Na tabbata kashi mai yawa na littafinki hidimar gida ce da ta taru a kanki don ke ce mai rubutawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki sami lokacin da maigida ya ci ya huta, ba lokacin da ranki ke ɓace ba, ki buɗe masa littafin ku yi lissafin nan na awa 14 tare. Maza da yawa ba su san adadin ba ne, don ba su taɓa ganinsa a rubuce ba. Ki roƙi abu takamaimai: sayen katin wuta, kai yara makarantar allo, biyan kuɗin makaranta. A ƙungiya ki nemi a naɗa miki mataimakiya a taro na gaba, ki miƙa mata karɓar kuɗi ke ki riƙe rubutu. In ribar mayafai za ta iya biyan mai wanki sau ɗaya a mako, wannan kuɗi bai tafi a banza ba. Kuma wanda kika ba aiki, ki haƙura da yadda zai yi shi. Yarinyar da na fara ba kalmasa ba ta yi kamar tawa ba, amma da na ƙwace da har yau ni ke yi.

Inda dabarata ta tsaya

Ba zan ɓoye miki ba, tsari ba ya haifar da awa ta 25. Kina ɗauke da aiki uku bayan aure da reno. Yana yiwuwa ki yi duk abin da na faɗa, ki ga har yanzu abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita. In haka ta faru, sai an sauke ɗaya, ko na ɗan lokaci. Misali, a makonnin jarrabawa da cike katin sakamako ki rufe kasuwa, ki sanar da masu saye ranar da za ki buɗe. Ko ki kammala wa'adinki na sakatariya ki ce a ba wata. Na san kowanne da farashinsa, wani kuɗi ne, wani fuska ce a unguwa, kuma in kuɗin mayafan nan shi ke cike gibin cefane, ba ni da bakin cewa ki bari. Ke da maigidanki kuka san aljihunku. Haka kuma in mai makaranta ne ke jibga miki aikin mutum biyu, guntuwar takardata ba za ta warware wannan ba, sai an zauna an yi magana, zai fi kyau ku je ku biyu ko uku da sauran malamai.

Ɗaya kuma, ni tela ce, ba likita ba. In gajiyar ta zama ko kin yi barci ba ta sakinki, ko jiri na ɗibarki, ki je asibiti a duba jininki, don ƙarancin jini ya yi yawa a cikinmu mata kuma yana zuwa da kamar kasala. In kuma kin ga barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, kina kuka ba dalili, abin da kike so a da ya daina burge ki, har ya haura mako biyu, wannan ya wuce maganar littafi. Ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini, ki kuma sami wata babba da kika amince da ita ki buɗe mata cikinki.

Daren yau kada ki kwafe komai. Ki yagi 'yar takarda, ki rubuta uku, kowanne da sallarsa, ɗaya daga ciki ya zama kiran nan da kike gudu. Sannan na mako biyu ki riƙa rubuta a gefen littafi abu nawa kika gama kowace rana da abu nawa suka shigo, da bakin wa suka shigo. Ki aiko mini da waɗannan lambobin, in Allah Ya yarda sai mu duba tare mu ga wace ƙofa ce za a fara rufewa. Allah Ya yi miki albarka, Ya raya miki yaran.